Muhawara: Johnny Kitagawa ya mutu, to waɗanda suka rufa masa asiri fa?

Sadiq Gwale:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah wa ya bi labarin nan na Johnny Kitagawa na ƙasar Japan? Ga wanda bai san shi ba, shi ne ya kafa kamfanin Johnny & Associates a 1962, kamfanin da ya riƙe wuyan harkar ƙungiyoyin mawaƙa samari a Japan shekara da shekaru, su SMAP da Arashi da KinKi Kids duk yaransa ne. Yara ƙanana ake kawo masa, 'yan shekara 12, 13, 14, a koya musu rawa da waƙa, wanda ya ga dama ya ɗaga shi ya zama tauraro wanda bai ga dama ba ya ƙare a rawar baya. To ashe duk tsawon lokacin nan lalata yake yi da yaran. Ya mutu a watan Yulin 2019 yana da shekara 87, ba a taɓa gurfanar da shi kan laifin ba, har gagarumin taron tunawa aka yi masa a Tokyo Dome, Firaminista Shinzo Abe ya aiko da saƙon ta'aziyya. Sai a 2023 kamfanin ya fito ya ce eh gaskiya ne. Tambayata ita ce, tunda shi ya riga ya tafi, wa za a kama da wannan alhakin?

Ummi Arashi:
Wa alaikumus salam. Ni fa wannan maganar ciwo take min wlh, tun ina sakandare nake jin Arashi, ta hanyar waƙoƙin finafinansu na fara. Amma bari na ji me mutane za su ce tukuna.

Barista Hauwa:
Malam Sadiq ka tsallake wurin da ya fi muni ai. Kotu ta riga ta tabbatar da abin tun mutumin yana raye da ƙarfinsa. A 1999 wata mujalla mai fita mako-mako, Shukan Bunshun, ta yi jerin rahotanni da shaidar yaran da suka zauna a ƙarƙashinsa. Shi da kamfaninsa suka kai mujallar ƙara wai ta ɓata musu suna. A 2002 kotun farko a Tokyo ta ba su gaskiya ta ce mujallar ta biya yen miliyan 8.8. Mujallar ta ɗaukaka ƙara, a 2003 Babbar Kotun Tokyo ta juya hukuncin, ta ce batun lalata da yaran nan a gundarinsa gaskiya ne, ta rage kuɗin zuwa yen miliyan 1.2 saboda wasu zarge-zarge na daban kamar na barin yara su sha giya da taba. Suka tafi Kotun Ƙoli, a 2004 ta yi watsi da ƙorafinsu. Wato hukuncin ya zauna daram. Daga 2004 zuwa mutuwarsa shekara 15 kenan, kuma iyaye ba su daina kai masa yara ba don mafi yawansu ba su ma ji an yi wannan shari'ar ba.

Abdul Nima:
Tsaya Barista, kotu ta ce gaskiya ne amma ba a kama shi ba?? Wannan wace irin ƙasa ce

Barista Hauwa:
Ƙarar ɓata suna ce ɗan'uwa, shi ne ma mai ƙara, ba shari'ar laifi ba ce. Alƙalin da ke sauraron irin wannan ba shi da hurumin ɗaure kowa, iyakarsa ya ce mujalla ta yi ƙarya ko ba ta yi ba. Sai 'yan sanda da masu gabatar da ƙara sun ɗauki maganar da kansu, su kuma ba su ɗauka ba.

Malam Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni dattijo ne a cikinku, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mutumin nan ya mutu, ya je inda ba a zalunci kuma ba a ɓoye komai. Ba ya nan ballantana ya kare kansa. Ni a tarbiyyar da na taso a ciki ba a tone-tonen mamaci. Kuma su waɗannan da suka fito, wasunsu na ji an ce sun haura shekara hamsin, ina suke tun da? Sai da aka ce za a raba kuɗi? Ni dai a ganina a bar kaza cikin gashinta.

Anti Zuwaira:
Baba Isuhu Allah ya ƙara girma, amma a nan kam ban bi ka ba. Na yi shekaru ina aikin jinya kuma na ga yaran da aka yi wa irin wannan, wallahi namiji ya fi mace wuyar buɗe baki. Yarinya ko ba ta faɗa ba uwa tana iya ganewa, shi kuwa yaro zai haɗiye abin ne ya girma da shi, ya yi aure da shi, ya haifi 'ya'ya da shi, don abin da yake tsoro shi ne a ce masa ai kai ma kana so, ko abokai su mayar da shi abin tsokana har ya mutu. Ka ɗauki yaro ɗan shekara 13 da uwarsa ta cika masa takardar neman shiga da hannunta tana murna, duk dangi sun ji an ɗauke shi, an fara ganinsa a talabijin yana rawa a bayan manya, ta yaya zai dawo gida ya ce Mama ga abin da mai kamfanin yake min da dare? Kuma su kansu yaran da suka riga shi shiga suna gaya masa ka daure kawai in kana so ka yi suna. Wannan shirun ba yarda ba ce Baba.

Sannan maganar sai da aka ce za a raba kuɗi, ba haka aka yi ba. Tun 1988 wani tsohon mawaƙinsa, Koji Kita na ƙungiyar Four Leaves, ya rubuta littafi ya faɗi abin da aka yi masa. Wa ya ba shi ko sisi a lokacin? Sun yi magana, ba a saurare su ba ne.

Bello Ɗan Jarida:
Anti Zuwaira ta taɓo inda nake so na shiga, don ni abin kunyar namu ne na 'yan jarida. Ku fahimci yadda abin yake aiki. A wancan lokacin kowace babbar tashar talabijin a Japan tana buƙatar yaran Johnny, su ne a shirin waƙa, su ne jaruman wasan kwaikwayo, su ne masu gabatar da shirin girki da na barkwanci, wasu har labarai suke gabatarwa. Kamfanonin ɗab'i kuma suna cin abinci da hotunansu a bangon mujalla da kalandar shekara. To in tasharka ta kuskura ta karanta labarin hukuncin 2004, gobe sai a janye miki yaran gaba ɗaya a kai wa kishiyarki, masu talla su bi su. Ba sai an buga wa edita waya an ce kar ka saka ba, shi da kansa ya san abin da zai biyo baya, sai ya cire tun kafin a tambaye shi. Ita Bunshun da ta yi taurin kai an daɗe ana hana kamfaninta hulɗa da taurarin.

Kuma ba zato nake ba. A Janairun 2016 da aka ji 'yan SMAP na shirin ɓallewa, sai ga su su biyar a tsaye cikin baƙaƙen kwat a talabijin kai tsaye suna ba da haƙuri, manyan mutane 'yan wajen shekara 40. Ƙungiyar ta watse a ƙarshen shekarar, uku suka bar kamfanin a 2017, kusan a take aka daina ganinsu a manyan tashoshi. Har sai da hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Japan ta ja kunnen kamfanin a 2019 kan zargin matsa wa tashoshi lamba kar su ɗauke su. In wannan ya samu SMAP da duk ƙasar ta sani, ina ga yaro ɗan koyo da ba wanda ya san sunansa?

Sadiq Gwale:
To Malam Bello me ya canza a 2023? Tunda ba sabon labari ba ne.

Bello Ɗan Jarida:
Daga waje aka buɗe. A Maris 2023 BBC ta fitar da shirin bincike na Mobeen Azhar, ya je Japan ya zauna da waɗanda abin ya shafa. Ko a lokacin manyan tashoshin Japan shiru suka yi. Sai 12 ga Afrilu wani matashi Kauan Okamoto, ɗan Japan mai jinin Brazil, ya zauna a ƙungiyar 'yan jaridun ƙasashen waje a Tokyo, da fuskarsa da sunansa na gaskiya, ya ce tun yana shekara 15 aka fara, tsakanin 2012 da 2016, sau 15 zuwa 20. Ku lura da shekarun, bayan hukuncin Kotun Ƙoli ne da shekara takwas. Kuma ku lura da inda ya zaɓa ya yi magana, gaban 'yan jaridar waje, don ya san na gida za su iya binne ta. Daga nan ne NHK, tashar ƙasa ta Japan, da sauran suka fara ɗan taɓawa.

Anti Zuwaira:
Abin da ya fi taɓa ni a maganar yaron nan, ya ce washegari mutumin ya ba shi yen 10,000. Kuma duk da haka ya ce har yanzu yana jin yana masa godiya saboda shi ya buɗe masa hanyar waƙa. Mutane suka riƙe wannan suna cewa kun gani ai ba a cuce shi ba. Alhali wannan ita ce cutar. Wanda ya ciyar da kai, ya saya maka kaya, ya kira ka gidansa na alfarma ka kwana da sauran yara kuna wasa kuna cin abin da kuke so, shi ne kuma yake shigowa ɗakin in an kashe fitila. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta iya raba biyun nan, wani har ya tsufa bai raba ba.

Malam Isuhu Maraɗi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajiya Zuwaira na ji wannan. Amma har yanzu ina kan tambayata, mamaci ba ya amsa tuhuma. Wa ya tantance?

Barista Hauwa:
Baba ya amsa ai, da ransa, a gaban alƙali da lauyoyinsa, shi ya kai ƙarar kuma ya sha kaye. Bayan haka kamfanin da kansa ya kafa kwamitin bincike na mutanen waje ƙarƙashin Makoto Hayashi, tsohon babban mai gabatar da ƙara na ƙasar gaba ɗaya. Ranar 29 ga Agusta 2023 suka fitar da rahoto cewa abin ya faro tun shekarun 1950, ya ci gaba har tsakiyar shekarun 2010, kuma waɗanda aka cuta aƙalla ɗaruruwa ne. Suka ce yayarsa Mary Kitagawa, wadda ita ce ke riƙe da kuɗi da mulkin kamfanin, ta sani ta rufe. Suka ambaci shirun kafafen yaɗa labarai a cikin dalilan da suka sa abin ya daɗe. Kafin su ma, a farkon watan, tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kasuwanci da haƙƙin ɗan'adam da ta ziyarci Japan ta yi maganar ɗaruruwan. Ranar 7 ga Satumba 'yar Mary ɗin, Julie Fujishima, wadda ke shugabancin kamfanin, ta zauna gaban 'yan jarida ta amsa cewa kawunta ya aikata, ta sauka. In danginsa da suka gaji dukiyarsa sun amsa, mu a nan ba mu da abin karewa Baba.

Abdul Nima:
Hahaha ta sauka. Barista faɗi sauran mana. Ta sauka daga kujera amma hannun jarin kamfanin ɗari bisa ɗari yana hannunta, kuma a watan Mayu ita ce ta yi bidiyo tana cewa ba ta sani ba. Wanda aka ɗora kuma Noriyuki Higashiyama, yaron gidan ne tun yana ƙarami, shi ma a wurin taron aka tambaye shi kan zargin da wasu na ƙasa da shi suka yi masa, ya musanta. Kuma a ranar cewa suka yi ba za su canza sunan kamfanin ba! Sunan mutumin da suka gama amsa laifinsa yanzun nan. Kun san me ya sa suka canza? Manyan kamfanoni irin su Asahi da Kirin da Suntory da Nissan da Japan Airlines suka fara cewa ba za su sabunta kwantiragin talla ba. Wata ɗaya bai cika ba, 2 ga Oktoba, sai ga shi wai sun koma Smile-Up. Kukan yara na shekara hamsin bai motsa su ba, kuɗin talla ya motsa su cikin sati uku da 'yan kwanaki. Ni kar wanda ya ce min tuba ce.

Bello Ɗan Jarida:
Kuma a wannan taron na 2 ga Oktoba ne aka gano akwai takarda mai hotunan 'yan jaridar da ba a so a ba su damar tambaya, NHK ce ta fallasa, kyamara ta ɗauko ta a hannun ma'aikaci. Kamfanin ya ce masu shirya taron da ya ɗauko haya ne suka yi, ba da saninsa ba. Taron da aka kira don a nuna an daina rufa-rufa fa kenan.

Su ma kamfanonin tallan Abdul kar ka wanke su. Hukuncin 2004 a rubuce yake, duk suna da sashen lauyoyi. Shekara 19 suna zuba kuɗi.

Ummi Arashi:
To ni yanzu bari na yi magana don na gaji da shiru. Duk abin da kuka faɗa kan mutumin nan na yarda, Allah ya isar wa yaran. Amma janye tallan nan wa ya cuta? Johnny yana kabari, Mary ta mutu tun 2021, Julie da kuɗinta. Waɗanda aka cire daga talla su ne mawaƙan, waɗanda suka shiga gidan nan suna yara, wataƙila wasunsu ma an yi musu abin ba su faɗa ba. A ƙarshen 2023 NHK ba ta gayyaci ko ɗaya daga cikinsu ba zuwa Kohaku, bikin waƙar daren sabuwar shekara da duk ƙasar ke kallo, karon farko cikin shekara 44. Ƙungiyoyin mawaƙan kamfanin irin su Snow Man da SixTONES me suka yi? An cuce su suna yara an sake hukunta su suna manya, haba don Allah wannan wane irin adalci ne

Nura Osaka:
Ummi ina jin ki. Ni karatu ya kawo ni nan kuma lokacin da abin ya tashi da idona na ga yadda fuskokinsu suka ragu, a jirgin ƙasa da shagunan unguwa da ko'ina su ne a jikin kwalin alewa da allon talla, a hankali aka sauya. 'Yan ajinmu mata da yawa irin maganarki suke yi. Amma akwai ɓangaren masoyan da ba ki faɗa ba. Waɗanda suka fito suka yi magana sun sha zagi a intanet ba kaɗan ba, maƙaryata, mayun kuɗi, masu neman suna. Ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar waɗanda aka cuta, mutum ɗan shekara arba'in da wani abu a nan yankin Osaka, an tsinci gawarsa a watan Oktoban 2023, iyalinsa suka ce zagin da ake masa ya dame shi ƙwarai. Ba Johnny ne ya rubuta waɗannan saƙonnin ba, masu cewa suna kare taurarinsu ne.

Ummi Arashi:
Subhanallah. Ni ban taɓa zagin kowa ba Yaya Nura, kuma ba duk masoya ne haka ba.

Nura Osaka:
Na sani ƙanwata, ba ke nake nufi ba.

Abdul Nima:
Ummi amsar tambayarki mai sauƙi ce. Kuɗin talla ba aljihun mawaƙi yake fara shiga ba, kamfani yake shiga, kamfanin kuma na mutum ɗaya ne. Duk wanda ya ci gaba da biya a lokacin, gidan Kitagawa yake biya. Kuma ai ba su mutu da yunwa ba, an buɗe musu sabon kamfani Starto Entertainment ya fara aiki Afrilun 2024, kafin ƙarshen shekarar NHK ta ce ta dawo da hulɗa da su. Shekara ɗaya kacal. Wanda aka lalata yana ɗan 13 ya bar harkar ya kasa riƙe aiki ya kasa riƙe aure, shi wa ya buɗe masa sabon kamfani?

Sadiq Gwale:
Barista ni abin da ban gane ba, ko da yaro ya je wurin 'yan sanda a wancan lokacin, doka za ta kama mutumin?

Barista Hauwa:
Tambaya mai kyau. Har zuwa 2017 dokar fyaɗe ta Japan mace kaɗai ta sani a matsayin wadda za a yi wa fyaɗe. Namiji sai dai a shigar da nasa ƙarƙashin laifi mai sauƙin hukunci, ko dokar kare yara. Kuma kafin gyaran 2017 sai wanda aka cuta ya shigar da ƙorafi da kansa kafin a gurfanar, ka ga yaro da iyayensa su ne za su tunkari mutumin da ya fi kowa ƙarfi a harkar. Shekarun amincewa kuma a dokar ƙasa 13 ne tun 1907, sai a Yunin 2023 aka ɗaga zuwa 16, aka sake fasalta laifin ya koma saduwa ba da yarda ba, aka saka amfani da matsayi ko iko a cikin abubuwan da ke hana mutum iya cewa a'a, aka ƙara wa'adin shigar da ƙara. Wannan gyaran an daɗe ana fafutukarsa, mata ne suka ja shi shekaru, ya dai zo daidai da tashin wannan maganar. A 2024 kuma suka yi dokar duba tarihin laifin lalata na masu neman aiki da yara.

Kar mu yi musu dariya da yawa dai, sashe na 282 na Penal Code ɗinmu na Arewa shi ma namiji ga mace ya sani, dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 ce ta shigo da namiji a matsayin wanda za a iya yi wa.

Malam Isuhu Maraɗi:
To diyyar fa, an biya?

Barista Hauwa:
Ana biya Baba. Smile-Up aikinsa kenan yanzu, ya biya diyya in ya gama a rufe shi. Tsofaffin alƙalai uku aka ɗora su tantance. Zuwa ranar 2 ga Oktoba 2023 mutum 478 ne suka kai kansu, 325 na neman diyya, daga baya adadin ya haura 1,000 kuma an biya fiye da 500. Amma akwai waɗanda aka ce ba a samu shaidar sun taɓa zama a kamfanin ba aka ƙi su, alhali 'yan koyo da yawa a da ba wata takardar kwantiragi da ake ba su, wa zai ajiye shaidar shekara 40? Akwai waɗanda suka ƙi amincewa da abin da aka yanka musu har magana ta kai kotu. Wasu biyu kuma a Disambar 2024 suka shigar da ƙara a jihar Nevada ta Amurka suna neman dala miliyan 300, sun ce a wani otal a Las Vegas aka yi musu.

Anti Zuwaira:
Ni matsalata da tsarin nan, kamfanin da ya yi laifin shi ne ya zaɓi masu tantancewa, shi ne ya ce ga wanda ya cancanta. Gwamnati ta tsaya gefe kamar rigimar 'yan kasuwa ce. Yara ɗaruruwa fa. Ai kamata ya yi hukuma ta yi nata binciken ta kira mutane su yi rantsuwa.

Bello Ɗan Jarida:
Haka Birtaniya ta yi da Jimmy Savile, shahararren mai gabatar da shirye-shiryen talabijin da ya yi ta lalata da yara, shi ma sai da ya mutu a 2011 abin ya fashe, kuma a BBC ɗin nan da ta tona na Japan ya yi zamaninsa, su ma sun danne rahoton farko da aka shirya a kansa. Bambancin shi ne can 'yan sanda sun buɗe bincike duk da ya mutu, suka bi rayayyu, wasu sanannun mutane suka tafi gidan yari. A Japan tashoshin ne suka yi shirye-shiryen binciken kansu, kowacce ta fito ta ce mun yi sakaci, muna nadama, shikenan aka wuce.

Nura Osaka:
Amma Malam Bello gaskiya wani abu ya ɗan motsa. Dubi batun Masahiro Nakai, tsohon jagoran SMAP, a ƙarshen 2024 mujallu suka fitar da zargin abin da ya yi wa wata ma'aikaciyar Fuji TV, kuma tashar ta sani ta ci gaba da saka shi a shiri. Wannan karon ba a jira shekara 20 ba, cikin makonni kamfanoni fiye da 70 suka janye talla, shi ya yi ritaya a Janairun 2025, shugaban tashar ya sauka, suka yi taron manema labarai na sama da awa goma har tsakar dare mutane na kallo. Kwamitin waje ya ce cin zarafi ne, lauyoyinsa sun ƙi yarda da wannan kalmar. Da a 2010 ne wlh ba mai jin labarin.

Abdul Nima:
Masu talla ne dai suka sake yin aikin, Nura. Ranar da suka ga babu asara shiru za su yi.

Ummi Arashi:
Kuma kar a manta matan harkar. 2013 Minami Minegishi ta ƙungiyar mawaƙa mata AKB48 ta aske kanta ƙwal ta yi bidiyo tana kuka tana ba da haƙuri don kawai an gan ta ta kwana gidan saurayi. Maho Yamaguchi ta ƙungiyar NGT48 wasu maza suka far mata a ƙofar gidanta a Disambar 2018, da ta faɗa, ita ce ta hau dandamali ta ba masoya haƙuri wai ta tayar da hankali. Ni abin da ya sa nake kare mawaƙan kenan, kullum su ake turowa gaba su sunkuya, masu kwat suna baya.

Sadiq Gwale:
Wannan kam gaskiya ne Ummi. To Barista mu koma tambayata ta farko, cikin rayayyu, manajoji da direbobi da waɗanda suke kai yaran gidan, wa ya amsa tambaya?

Barista Hauwa:
Rahoton Hayashi ya ce kamfanin bai taɓa ɗaukar mataki ba duk da littafin 1988 da rahotannin 1999 da hukuncin kotu. A 2024 kamfanin ya amsa cewa akwai wasu ma'aikata biyu da su ma suka ci zarafin yara. Wanda 'yan jarida suka fi son su gani shi ne Suguru Shirahase, mataimakin shugaba, wanda ya yi shekaru da yawa yana riƙe da hulɗar kamfanin da kafafen yaɗa labarai, wato mutumin da ya san wa aka kira da wa aka hana. Ya ajiye aiki ana jibi taron 7 ga Satumba, bai zo wurin ba. Da aka tambaya ina yake sai aka ce ai ya riga ya sauka.

Malam Isuhu Maraɗi:
To wannan kam yana raye, shi ba ni da ta cewa a kansa. A kira shi.

Bello Ɗan Jarida:
Wa zai kira shi Baba, editocin da suka yi shekara talatin suna ɗaga wayarsa?